Makaɗin Saman Bene

Takardar kuɗin farko ta manne a goshin Norodin, gumi ya riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ta sulale ta faɗa kan jitarsa.

Hannatou ta ji kamar a nata goshin aka manna.

"Ƙara kira!" in ji Musbahu da Turanci, yana dariya yana zaro wata. "Da ƙarfi, Dino! Na baya ba su ji ba!"

Norodin ya dubi 'yar takardar da aka damƙa masa, ya matso da bakinsa kusa da makirfo, ya karanta a hankali kamar ɗalibi mai tsoron kuskure.

"Al-haji Mus-bahu... mai kwan-tena... babu irinka a Deira..."

Zauren ya kaure da shewa. Bikin ƙanwar Musbahu ake yi a wani otal na Muraqqabat, ranar Juma'a bayan La'asar, kuma duk wani ɗan kasuwar Kano da na Nijar da ke Dubai ya zo cin shinkafar da ba shi ya biya ba. Nan da nan layi ya kafu. Kowane Alhaji yana son ya ji sunansa a bakin ɗan Filifin, kowanne da kuɗinsa a hannu.

Norodin ya ɗaga kai ya nemo ta a teburin mata. Da ya gan ta ya yi murmushi, irin na wanda yake ganin ya kyauta.

Ita ba shi take kallo ba. Alhaji Arzika take kallo, ƙanin mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar uban a Tawa. Ya ajiye cokalinsa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya taso a hankali har inda take.

"Hannatou."

"Na'am, Baba."

"Wancan ba shi ne yaron da ya zo gaishe ni ran Talata ba?"

"Shi ne, Baba..."

"Wanda kika ce manaja ne a otal?"

"Cewa na yi yana kula da ma'aikata biyar."

"Bon. Ga su can kuwa, su biyar cif. Ɗaya yana dukan ganga." Ya gyara babbar rigarsa. "Ɗauko jakarki."

A mota, da suka wuce inda ake haƙa titi don jirgin ƙasa, ya tayar da maganar.

"Ɗiyar wana," ya ce, idonsa na kan hanya, "ga maroƙi. C'est fini. Kada in ƙara jin maganar nan."

Wata takwas kafin ranar, Hannatou ba ta da abin da ta tsana a duniya kamar mutanen saman bene.

Ofishin kagon Alhaji Arzika, inda ake tura kayan 'yan kasuwa zuwa gida, yana ƙasan wani tsohon gini a Al Sabkha, ita ce mai cike takardun kaya. A sama akwai ɗakin ajiya da wasu makaɗa 'yan Filifin suka kama don gwaji, domin maƙwabtansu na filat a Abu Hail sun gaji da su. Kullum ƙarfe biyu na rana sai su fara. Ba waƙa suke yi ba ma a huta. Layi ɗaya za su kama, su maimaita, su tsaya, wata murya ta yi faɗa, su sake.

Abu ɗaya ta lura da shi, ba da son ranta ba. Ladan na ɗaga murya sai kiɗan ya yanke, ko da a tsakiyar layi ne.

Ran da wani mai kaya ya bugo daga Maraɗi ta kasa jin abin da yake cewa, sai ta ajiye waya ta hau benen da masifarta a baki. Tana kan matattakala aka kira La'asar. Ta tura ƙofa ta tarar da mutum biyar a zaune suna cin shinkafa a robobi, na shida kuma yana lungu, ya shimfiɗa kwalin firiji yana salla.

Dole ta jira. Masifa kuwa ba ta jure jira. Kafin ya sallame rabinta ya tsiyaye.

"Kai Musulmi ne?" ta tambaya da Turanci, don da shi suka yi duk soyayyarsu, nata na makarantar Faransanci, nasa na otal.

"Tun kakan kakana. Daga Marawi nake, bakin tabki."

"A hoton da ke ƙofar otal ɗinku an rubuta Dino."

"Otal ba ya cika kujera da Norodin."

"Nuraddini ke nan. Mu Nuru muke cewa."

"Nuru..." Ya gwada shi a baki. "Shekara sha takwas ana yanke mini suna, yau ne aka yanke shi daidai."

Ta sauka ba ta yi faɗan ba. Washegari ta tarar da kofin shayin karak, mai kauri da madara, a kan teburinta.

Daga nan matattakalar ta zama wurin zancensu, minti goma kafin ƙarfe biyu, ita a ƙasa shi a sama, da hawa huɗu a tsakani. A nan ta ji rayuwarsa gutsi-gutsi. Ya bar gida yana ɗan sha tara da jitar aro. Ya yi kiɗa a jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, ya yi a Osaka, ya yi a Burunai, ya yi a Manama. Ya koyi sa baƙar kwat a cikin zafi, da murmushi ga wanda ya bugu, da ƙin abin da ke cikin kofin ba tare da ya ɓata wa mai miƙowa rai ba.

"Waƙa nawa ka iya?"

"Sun fi dubu."

"Naka nawa ne a ciki?"

"Babu. Ba wanda ke biyan ɗan Filifin don ya ji tasa. Ana biyanmu ne mu zama wani, daidai da yadda yake a kaset."

Wata rana ya ba ta labarin mahaifinsa. Shi yana tsakiyar teku a jirgi mahaifin ya rasu, saƙon ya iske shi bayan kwana tara.

"Me ka yi?"

"Na aske gemu na hau dandamali. Ni ne shugaba. In ban ɗaga hannu ba, babu mai farawa."

Ranar ta hau hawa ɗaya, saura uku. Ranar ce kuma ya fara ce mata Mahal, ya ce a garinsu haka ake kiran abin da ake so kuma ba a iya saye.

Da maganar aure ta taso, ta sa shi ya sa jallabiya ya zo gaida Baba, ta kuma roƙe shi ya bar mata bayanin sana'arsa. Bai tambayi dalili ba. Ita ta san dalilin. A inda ta fito ana ba makaɗi riga, ana ba shi mota, ana kai shi Makka, amma ba a ba shi 'ya. Ta yi niyyar faɗa wa Baba gaskiya a hankali, bayan ya saba da fuskar. Duk wanda ya taɓa ɓoye abu don alheri haka ya yi niyya.

Musbahu ya riga ta. Sau biyu ya nemi aurenta, sau biyu ta ƙi. Ba wai ya fi sauran maza mugunta ba ne, lokaci kawai ya fi su samu. Ya bi sawun kofin shayin har saman bene, ya nemi wakilin otal ya ɗauki hayar makaɗan don bikin ƙanwarsa, ya zauna da biro ya rubuta kirari.

Washegarin bikin, ranar Asabar, Norodin ya riga ta zuwa matattakalar.

"Me ya sa kuka tafi da wuri? Kiɗan ne bai yi ba? Kwana uku na yi ina rubuta shi daga kaset ɗin Hausa, don ki ji naku a hannuna..."

"Kiɗan ya yi, Nuru."

"To mene ne? Idonki ya kumbura."

"Me ya sa ka kira sunayensu?"

"An ba ni takarda. A otal kullum haka ake yi. Mutum ya rubuta sunan matarsa, ranar haihuwarta ce, in karanta, a tafa."

"Ba ɗaya ba ne!"

"Ina bambancin?"

Ta zauna a kan matattakalar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"A wurinmu, wanda ya tsaya gaban mai kuɗi ya kira sunansa, ya yabe shi, aka manna masa kuɗi a goshi... shi ne maroƙi. A hannun mutane yake ci. Ana son shi a biki, ana dariyar maganarsa. Amma ba ya zama a tabarma ɗaya da su Baba."

Ya juya ya kalli titi. A waje wani ɗan Pakistan yana tura baro yana ihun a ba shi hanya.

"Ke nan roƙo na yi."

Ya juyo ya dube ta.

"A gaban mahaifinki. Ina murmushi."

"Ba ka sani ba..."

"Ke kin sani." Bai ɗaga murya ba. "Shi ya sa kika ce in bar miki bayanin sana'ata. Kunyata kike ji, Hannatou."

"Wallahi ba kunya ba ce! Tsoro ne!"

"Da kin faɗa mini, da na san inda zan taka. Na yi aiki a ƙasa biyar. Ko'ina abu na farko da nake tambaya shi ne me ba a yi. Nan ne kawai ban tambaya ba, don na ɗauka ina da mai faɗa mini."

Ya hau sama. Ranar kiɗan ya fito a gurguje, kuma ba ta ji muryar mai faɗan ba ko sau ɗaya.

Amma da yamma ya sauko, ya yi sallama a ƙofar Alhaji Arzika, ya shiga. Hannatou tana jin su ta bangon katako.

"Ba ni da matsala da ƙasarku," in ji Alhajin. "Na tambaya a masallaci, an ce kana salla. Matsalata wancan katakon da kake ratayawa a wuya. Ni ina da sito a Abu Hail, yana buƙatar mai kula. Ka ajiye kiɗa, ka karɓi makulli, in ba ka ita. Voilà."

"In na ƙi fa, Baba?"

"To ka ci gaba da kiran sunayen mutane. Akwai su da yawa a Sabkha."

"Ƙarshen wata ake sabunta kwangilarmu. Ka ba ni kwana uku."

Kwana biyu kawai ya ɗauka. Ya aiko da amsa cewa ya yarda.

Alhaji Arzika ya yi farin ciki irin na wanda ya sayi kaya da arha. Har lemo ya sayo wa ma'aikata. Hannatou ta gaya wa kanta ita ma farin ciki take yi. Ƙarfe biyu ya yi, saman bene shiru. Washegari ma shiru. Ta cike takardar kayan Agadas da adireshin Damagaram, sai da direba ya dawo da ita.

A rana ta uku wata mata ta shigo ofishin, gajera, mai jiki, da lema a hannu. Hannatou ta gane ta, mawaƙiyar ƙungiyar ce, wadda sauran ke kira Ate Luz, wato yaya Luz.

"Ba faɗa na zo yi ba, ƙanwata," ta ce, ta zauna ba a ba ta kujera ba. "Na zo in ga fuskar ne da kyau. E, ta isa. Ni ma da namiji ce da na yi wauta."

"Ban gane ba."

"Bai faɗa miki ba? Ba zai faɗa ba. Kwangilar da sunansa take. Otal shi suka sani, shi ke rubuta mana kiɗa, shi ke tsaya mana. Ran da ya fita, bizarmu duka ta mutu. Ya yi yawo wurin wakilai uku yana roƙon a bar mai fiyano ya gaje shi, sun ƙi."

"Za ku samu wani wurin ai..."

"Ina da shekara arba'in da huɗu. Kin san mawaƙiya nawa 'yan shekara ashirin ke layi a Manila yau da safe?" Ta miƙe tana gyara lemarta. "Ba ma jin haushinsa. Shekara bakwai yana ɗauke da mu, ya isa ya ajiye. Abu ɗaya kawai. In kin aure shi, kada ki bar shi ya wuce inda ake kiɗa. Ba zai yi kuka ba. Shiru zai yi, kuma shirunsa ba shi da daɗi."

Tana fita Hannatou ta hau benen, ba ta tsaya a hawa na huɗu ba.

Yana durƙushe a ƙasa shi kaɗai, yana jera takardu a kwali, ɗaure-ɗaure, kowanne da suna a kai.

"Ina za ka kai su?"

"Akwai wasu yaran makaɗa sababbin zuwa, suna Bur Dubai. Za su yi musu amfani."

"Kai ka rubuta duka?"

"Tun daga Osaka."

"Mayar da su."

Ya ɗago.

"Na ce ka mayar da su, Nuru!"

"Mahal, na riga na ba mahaifinki magana."

"Ni ba ka tambaye ni ba! Kamar yadda ni ma ban tambaye ka ba na ɓoye ka. Mun yi ɗaya-ɗaya, ya isa haka." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Ni mutumin da nake so shi ne mai sa mutum biyar su maimaita layi ɗaya sau ashirin har in ji kamar in hau in shaƙe shi. Wanda zai zauna a sito da makulli ban san shi ba. Ban taɓa ganinsa ba. Kada ka aura mini baƙo."

"In ban bari ba, ba zai ba ni ke ba."

"Na sani."

"To me kike so in yi? Na gaji, Hannatou. Shekara sha takwas ina komawa ɗaki babu mai tambayata ko na ci abinci. Ke nake so fiye da jita."

"Ni kuma ba na so ka zaɓa." Ta durƙusa ta zaro ɗauri ɗaya daga kwalin ta ɗora masa a cinya. "Kira su. Gobe ƙarfe biyu ku zo ku yi aikinku yadda kuka saba. Da ƙarfi. Kada ka sassauta wa kowa."

"Me za ki yi?"

"Ba abin da zan yi. Na dai san Baba. Gobe ƙarfe biyu yana da waya da babban mai kayansa na Yamai."

Haka kuwa aka yi. Alhaji Arzika yana tsakiyar "Oui, Elhadj, kwantena ta taso," sai ganga ta faɗo masa daga sama, ƙaho ya biyo baya. Ya toshe kunne ɗaya. Ya yi ihu a waya. A ƙarshe ya kife ta, ya tattara rigarsa ya nufi bene, Hannatou tana bayansa.

Ya banko ƙofar da niyyar ganin maroƙa suna shashanci.

Babu wanda ya ko dube shi.

Mutum biyar suna tsaye a jere, kowanne da takarda a gabansa a kan ƙarfe. Norodin yana gaba da fensir a kunne, ya ɗaga hannu ɗaya, kiɗan ya mutu nan take. Ya nuna ɗayansu da yatsa.

"Bong, ka makara da rabin bugu. Jiya ka makara zuwa mota, yau ka makara a layi na sha biyu. Sake. Ate Luz, numfashinki bai kai ba, kin sha maganin? Ranar Lahadi zan kai ki asibiti da kaina, kada ki yi mini gardama. Wanda bai kawo hoton katin lafiyarsa ba ya kawo gobe. Yalla, daga sha biyu!"

Sai a lokacin ya juya ya ga Alhajin. Hannunsa ya sauka.

Alhaji Arzika ya san muryar nan. Ita yake yi wa masu ɗaure kaya kullum da safe. Ya tako a hankali ya tsaya gaban mai ƙaho, ya zare takardar da ke gabansa, ya sa tabarau. Layuka biyar-biyar, da ɗigo-ɗigo masu wutsiya, da ƙananan kalmomi a gefe. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Mutum ne da ya yi makarantar Faransawa, ya yi ta allo, yana karanta Larabci da boko, kuma bai saba a miƙa masa rubutun da ya gagare shi ba.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da hannunka? Kuma duk suna karantawa?"

"Kowa da nasa. Na mai ƙaho daban, na mai ganga daban. In an haɗa ya zama ɗaya."

Alhajin ya ɗora yatsa a tsakiyar shafin. "Ce masa ya busa nan."

Mai ƙaho ya busa. Ya ɗauke yatsa ya kai ƙasan shafi. Mai ƙaho ya busa wani abu daban. Ya mayar da yatsa wurin farko don ya kama shi da ƙarya, sai aka maimaita masa na farkon babu ragi.

"Baba," in ji Hannatou da Hausa. "Ni na yi maka ƙarya, ba shi ba. Ka yafe mini. Ba zan yi aure ba da yardarka ba, ko zan mutu a teburin can na ƙasa. Amma in ya bar aikin nan, mutum biyar ɗin nan za su koma gida, kuma da sunana za a kore su. Ba zan iya shiga ɗaki a kan haka ba."

"Ke kika shirya hayaniyar nan."

"Ni ce."

"Kin ja mini Elhadj ya ɗauka a gidan biki nake."

Ya mayar da takardar inda ya ɗauke ta, ya daidaita ta da yatsa biyu. Ya dubi Norodin daga sama har ƙasa, ya fita.

Kwana huɗu bai tayar da maganar ba. Hannatou ta rame a cikinsu. A na biyar, a rumfar mai shayi inda 'yan kasuwa ke taruwa bayan Azahar, wani ya tsokano zancen maroƙin Filifin, Musbahu yana gefe yana murmushi.

"Wane maroƙi?" in ji Alhaji Arzika, yana juya cokali a kofi. "Ku matsalarku rashin karatu. Chef d'orchestre ne. Irin wanda ke tsayawa gaban sojoji da sanda ranar bikin 'yancin kai. Patron ne mai ma'aikata biyar, yana rubuta abin da babu mai iya karantawa a cikinku. Baƙo ne aka miƙa wa takarda ya karanta bai san mi ke ciki ba. Ni wanda ya rubuta takardar nake tambaya. Mutum ya zauna ya tsara wa kansa kirari da biro, ya biya a karanta masa... wannan kam ban san sunan sana'arsa ba."

Dariyar ta juya. Musbahu ya tuna yana da kaya a tashar jirgi, ya sulale.

Babu abin da ya canza game da Norodin. Jitar nan ce, otal ɗin nan ne. Suna kawai aka sake, da Faransanci, kuma yawancin mutuncin da maza ke mutuwa a kansa bai wuce haka ba.

Sharuɗɗa uku Alhajin ya kafa. Ba zai ƙara kiran sunan wani ɗan Adam a makirfo ba. Kuɗi ba zai ƙara taɓa fuskarsa ba. Kuma ya nemi wurin da ba a sayar da giya.

"Biyun farko na yi alkawari, Baba. Na ukun zan yi ƙoƙari."

"Ƙoƙari," in ji Alhajin. "Bon. A kansa aka aurar da uwayenmu ma."

An ɗaura aure a wani ƙaramin masallaci a Abu Hail bayan sallar Juma'a. Babu kiɗa, Alhajin ya hana. Ate Luz ta zo da gyale a ka, ta yi kuka fiye da dangin amarya.

Da jama'a suka ragu, Norodin ya kankare katin waya ya zauna kusa da ita a falon Alhajin, karo na farko babu hawa ko ɗaya a tsakaninsu.

"Mahaifiyata na jira. Can magariba ta yi."

Muryar tsohuwa ta fito daga nesa, tana yankewa tana dawowa. Hannatou ta yi sallama, ta ce, "Inna, ina wuni," duk da ta san ba za a gane ba. Tsohuwar ta yi dariya, ta yi doguwar magana, sannan aka ji an ajiye wayar a kan katako.

Sai wani sauti ya taso, kamar ruwan sama a kan tasoshin tagulla, yana gudu yana dawowa, yana hawa yana sauka.

"Mene ne wannan?" ta tambaya da raɗa.

"Kulintang. Tasoshi takwas a jere, ana bugawa da sanda biyu. Tana yi miki maraba."

"Wa ke bugawa?"

"Ita."

"Innarka... makaɗiya ce?"

"A wurinmu 'ya'yan manyan gida ake koya wa. Yarinyar da ba ta iya ba, sai a ce ba ta samu tarbiyya ba."

Hannatou ta zaro ido. "Me ya sa ba ka faɗa wa Baba haka ba tun farko?"

"Wa zai yarda da maroƙi?"

Ta kai masa duka a kafaɗa, tana dariya hawaye na zuba. Kiɗan ya tsaya, tsohuwar ta dawo kan waya da tambaya. Norodin ya saurara, ya ciji leɓe.

"Me ta ce?"

"Tana tambaya ko amarya ta iya."

"Ka ce mata me?"

"Na ce 'yar babban gida ce, amma an yi sakaci. Ta ce ba komai, in mun je ita za ta koya miki, wata uku ya isa."

Hannatou ta leƙa ƙofa. Alhaji Arzika yana tsakar gida yana sallamar baƙi, yana maimaita musu kalmar Faransancin nan a hankali don su riƙe.

Ta jawo wayar kusa da kunnenta, ta kama hannun mijinta.

"Ce mata na yarda, Nuru na," ta ce. "Amma don Allah kada Baba ya ji."